Ubuntu ta hau VirtualBox, amma kayan baƙo sun ƙi shiga

Tambaya

Assalamu alaikum Malam, da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya zafi? Ni ɗalibi ne a nan Tahoua, ina karatun ilimin kwamfuta. An ce mu koyi Linux, sai na karɓi VirtualBox 6.1, manhajar da ke ba mutum damar kunna wani tsarin kwamfuta a cikin nasa, a kile USB ɗin wani abokina, na sa a kwamfutata mai Windows 10, na ɗora Ubuntu 24.04 a ciki. Ubuntu tana tashi, amma allonta ɗan ƙarami ne a tsakiyar fuskar kwamfutar. In na kwafi rubutu daga Windows ba ya liƙuwa a cikinta, dosiyen da na raba tsakaninsu ma ban gan shi ba. Aka ce in sa Guest Additions. Na sa faifan, ya fara aiki, sai ya rubuto mini: "This system is currently not set up to build kernel modules." Sau biyu ina goge Ubuntu ina sake ɗorawa, forfe ɗina ya ƙare wurin sabuntawa, abin bai canja ba. Kwamfutar ce ba ta da ƙarfi, ko faifan ne ya lalace?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanena. Zafi kam sai godiya, mu ma nan Yamai muna shan namu. Da farko, daina goge Ubuntu. Ko sau goma ka sake ɗora ta, saƙon nan ne zai tarbe ka, domin ba a nan gizo ke saƙar ba. Kwamfutarka lafiya lau take, tunda har Ubuntu ta tashi, faifan ma bai lalace ba.

Abin da ya kamata ka gane shi ne yadda kayan nan na Guest Additions suke shiga. A harkar nan Windows ɗinka ita ce mai masauki, Ubuntu kuwa baƙuwa ce, shi ya sa ake ce musu kayan baƙo. In baƙuwar Windows ce, kayan suna zuwa a ɗinke, ka danna ka jira, shi ke nan. In Linux ce, wani sashe na kayan yadi ne ba riga ba: a nan cikin Ubuntu ɗinka za a yanka a ɗinka shi daidai jikin zuciyar Linux ɗin da ke aiki, wato abin da saƙon ya kira kernel. Ƙananan direbobi ne ake ginawa, manya a cikinsu vboxguest mai haɗa baƙo da mai masauki, da vboxsf mai kula da dosiyen da aka raba. To tela ba ya ɗinki sai da keke, ba ya ɗinki sai da awo. Keken shi ne gcc da make da perl. Awon shi ne abin da ake kira linux-headers. Ubuntu ta tebur ba ta zuwa da keken nan a cikinta, kuma abin da saƙon ke faɗa maka ke nan. Da ka karanta layin da ke bi masa, za ka ga ya ma lissafa sunayen abin da yake nema.

Amma kafin ka taɓa taminal, wato tagar da ake rubuta umarni a cikinta, akwai matsala ta biyu da ke jiranka a gaba, ita ce ma ta fi girma. VirtualBox 6.1 ta fito ne a ƙarshen 2019, Ubuntu 24.04 kuwa a watan Afrilun 2024, da zuciya mai lamba 6.8, waɗanda aka sake fitarwa daga baya ma sun zo da wadda ta fi wannan sabunta. Faifan kayan baƙo yana zuwa ne tare da VirtualBox, shekarunsu ɗaya. Zuciyar Linux kuwa ba ta zama wuri guda, masu gina ta suna sauya ƙofofin da direbobi ke bi. Tsohon faifai ba ya sanin sababbin ƙofofin, don haka ko ka kawo keke da awo, ɗinkin zai tsaya a tsakiya da jerin kurakurai. Shawarata ka fara da sauya VirtualBox ɗin zuwa jerin 7, daga shafin Oracle kai tsaye, kamfanin da ke riƙe da ita tun 2010. Nauyinta bai kai ko kusa da faifan Ubuntu mai kusan giga 6 ba. Ka kashe Ubuntu kashewa ta gaskiya kafin ka sa sabuwar, kada ka bar ta a ajiye rabi a kunne. Injin da ka gina, wato kwamfutar da ka ƙirƙira wa Ubuntu a cikin VirtualBox, ba zai ɓace ba, yana nan cikin dosiyen "VirtualBox VMs". In mai sakawar ya tsaya yana neman Microsoft Visual C++, ka sa masa, a wurin Microsoft ake samunsa kyauta.

Wani abu da ke rikita mutane: Extension Pack daban, Guest Additions daban. Na farkon a jikin mai masauki ake sa shi, kuma ba zai faɗaɗa maka allo ba. Kada ka ɓata forfe a kansa yanzu.

Da ka gama wannan, ka ɗauki hoton ajiya na injin tun yana kashe, abin da VirtualBox ta Faransanci ke kira Instantané. Daƙiƙoƙi kaɗan yake ci. Da kana da shi tun farko, da ba ka sake ɗora Ubuntu ko sau ɗaya ba, sai dai ka koma baya kawai. A ƙasar da kuran ke iya ɗaukewa kana tsakiyar aiki, batirin kwamfuta kuma ya gaji, ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya taɓa zuciyar Linux ba tare da wannan hoton ba.

Yanzu ka kunna Ubuntu, ka buɗe taminal, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

sudo apt update
sudo apt upgrade

In ya gama, ka kashe Ubuntu ka sake kunnawa. Kada ka tsallake wannan, nan ne mutane da yawa ke zamewa. Sabuntawar takan kawo sabuwar zuciya, amma tsohuwar ce ke ci gaba da aiki har sai an sake kunnawa. Sai mutum ya ɗauko awon sabuwa alhali tsohuwa za a yi wa ɗinki, ya ga an rubuto masa "Kernel headers not found for target kernel", ya yi ta rantsuwa ai yanzu ya sa su. Ya sa su kam, amma na wata ne. Bayan ta tashi ka rubuta:

uname -r

Zai nuna maka lamba irin 6.8.0-31-generic. Wannan lambar da ka gani a naka allon, ba tawa ba, ita za ka liƙa a ƙarshen umarnin nan:

sudo apt install build-essential dkms bzip2 perl linux-headers-6.8.0-31-generic

Cikin build-essential akwai gcc da make. Shi kuwa bzip2, ɗan ƙaramin abu ne na warware ƙunshi, amma a Ubuntu 24.04 rashinsa kaɗai yana tsayar da faifan tun kafin ya fara komai.

Ka kula da madannai. Yawancin kwamfutocinmu na Nijar jerin Faransanci gare su, mai farawa da AZERTY, Ubuntu kuwa in ba ka zaɓa ba takan ɗauki na Amurka. Ka danna a ta fito q, ka nemi ɗan layin tsakiya ka rasa. Tunda kwafa da liƙawa ba su fara aiki ba, da hannu za ka buga komai, harafi ɗaya kuma ya isa ya ɓata umarni. Mafi muni kalmar sirri, da ba ka ganin abin da kake bugawa. Ka gyara jerin madannan a saitin Ubuntu tukuna.

Shi kansa apt, wato mai ɗauko wa Ubuntu manhajoji, yana iya yi maka gardama ta hanyoyi uku da na fi gani. In ya ce "Could not get lock", Ubuntu ce ke nata sabuntawar a ɓoye, ka ba ta mintoci ta gama, kada ka bi masu cewa a goge fayil ɗin makulli. In wuta ta taɓa ɗaukewa yana tsakiyar aiki, ka rubuta sudo dpkg --configure -a, sannan sudo apt --fix-broken install. Ta ukun ita ce ta taɓa cinye mini yini guda. Wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya kawo kwamfutar da ya saya ta hannu, apt yana ta cewa "Release file is not valid yet". Muka zargi rezo, muka sauya waya, muka sauya layi, shiru. Ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogon kwamfutar ne ya mutu, kwanan wata ya koma baya, baƙuwa kuma daga mai masauki take ɗaukar lokaci. Muna gyara agogon Windows komai ya wuce. Tun daga ranar, agogo nake fara dubawa.

To yanzu ga keke ga awo. A saman tagar injin ka shiga Périphériques, ko Devices in taka ta Turanci ce, ka zaɓi layin saka faifan Additions. In ya ƙi, ya nuna maka VERR_PDM_MEDIA_LOCKED, ma'anarsa akwai faifai a ciki tuni, wataƙila ma tsohon na 6.1 ne. Ka fitar da shi daga cikin Ubuntu ka sake sakawa, ka tabbata sunan da ya bayyana, mai farawa da VBox_GAs, yana ɗauke da lambar sabuwar VirtualBox ɗinka. Ka buɗe faifan, ka buɗe taminal a cikinsa, ka rubuta:

sudo sh ./VBoxLinuxAdditions.run

Ka lura da manya da ƙananan haruffa, Linux ba ta yafe wannan. Na fi son wannan hanya a kan danna maɓallin da ke fitowa da kansa, domin a nan kana ganin duk abin da aka rubuta, tagar ba ta rufewa ta bar ka cikin duhu. Ginin yakan ɗauki ɗan lokaci, fanka ta yi ta kuka. Da zafin Tahoua, kada ka ɗora kwamfutar a kan katifa. In ya gama ka sake kunna Ubuntu, ka rubuta lsmod | grep vbox. In ka ga vboxguest a jerin, direban yana aiki.

Saura abubuwan da ba laifin sakawa ba ne, amma suke sa mutum ya ɗauka kayan ba su shiga ba. Kwafa da liƙawa a kashe suke zuwa, kai za ka kunna su a Périphériques, wurin Presse-papier partagé, ka zaɓi mai zuwa da dawowa. Ubuntu 24.04 tana amfani da tsarin nuni da ake kira Wayland, kuma sai a VirtualBox 7.1 ta 2024 aka ƙara masa goyon bayan kwafa da liƙawa, wani dalilin ke nan na barin 6.1. In duk da haka ya ƙi, a allon shiga, bayan ka danna sunanka, akwai ɗan alamar saiti a ƙasa, ka zaɓi Ubuntu on Xorg. Allon kuwa, ka kashe injin ka duba saitin nuni: VMSVGA ake zaɓa wa Linux, ka kuma ɗaga ma'ajiyar hoto zuwa mega 128.

Dosiyen da ka raba yakan bayyana a /media da suna mai farawa da sf_, in ka yi alamar haɗawa da kansa lokacin rabawa. Za ka gan shi, ka danna, ya hana ka shiga. Ba lalacewa ba ce, ƴan ƙungiyar vboxsf kaɗai ake bari, kai kuma ba a rubuta sunanka ba:

sudo usermod -aG vboxsf sunanka

Ka sa sunan da kake shiga Ubuntu da shi a madadin kalmar ƙarshe, sannan ka sake kunnawa.

Akwai gajeriyar hanya, kuma ba zan ɓoye maka ita ba. Direban vboxguest ya shiga cikin zuciyar Linux kanta tun 4.16 a 2018, vboxsf kuma tun 5.6 a 2020. Saboda haka kana iya barin faifan gaba ɗaya ka rubuta sudo apt install virtualbox-guest-utils virtualbox-guest-x11, ba gini ba ɗinki, forfe kaɗan. Ga mai son aiki ya tafi kawai, wannan ta wadatar. Sai dai ka zaɓi ɗaya, kada ka haɗa na faifai da na apt a inji guda, su biyun sukan yi ta takun saƙa ka rasa wanda ke aiki. Kai da kake ɗalibi, na fi so ka bi ta faifan ko sau ɗaya, domin gobe direban katin rezo ko na hoto zai nemi keken nan da awon nan, ka riga ka san hanya.

In wata rana ka gina sabon inji a VirtualBox 7, za ta nemi ta ɗora maka Ubuntu da kanta ba tare da tambaya ba. Ka yi alamar tsallake wannan. Mutane da dama sun bar ta ta yi, suka tarar sunansu ba ya cikin masu ikon sudo, wato ikon ba da umarni a matsayin mai kula da tsarin, umarnin farko ma ya ƙi tafiya. Haka nan in ka kunna EFI tare da Secure Boot, wato tsaron da ke tantance abin da zai tashi, a saitin injin, zuciyar tana iya ƙin karɓar direban da aka gina ba sa hannu. A injin koyo, cire alamar Secure Boot ɗin ya fi sauƙi.

In ka bi duk wannan abin bai tashi ba, kada ka goge komai. Mai sakawar yana rubuta duk abin da ya faru a wani fayil, kuma amsar tana ciki. Ka rubuta:

tail -n 30 /var/log/vboxadd-setup.log

Ka nemi layin farko da kalmar error ta fito, shi ne mai laifin, na bayansa duk ƴan rakiya ne. Ka ɗauki hoton allon da waya, ka haɗa da abin da uname -r ya nuna da lambar VirtualBox ɗinka, ka aiko mini in duba. Ka gaida mutanen Ader.