Amsa ga mai tambayar kaset ɗin da ya fi dacewa da naɗar waƙa

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ka sayi rikoda 'yar gwanjo kana so ka riƙa naɗar waƙoƙi, kuma an ba ka shawarar ka nemi kaset mai rubutun Metal tunda shi ya fi tsada, shi ne kake tambayar ko ya fi Normal da Chrome. Na yi shekaru ina naɗa wa mutane waƙa a wani ɗan shago a Kano kafin faifai da wayar hannu su tashe mu, don haka zan faɗa maka abin da na gani a kan aikin.

Kafin ka sayi kaset ko guda, fara duba rikodar taka. Idan akwai maɓallin zaɓi mai rubutun Normal, CrO2 ko High (wato Chrome), da Metal, to an ƙera ta don dukkansu. Wasu ba su da maɓallin, sai 'yan ƙananan harsuna a saman gidan kaset waɗanda ke laluben ramukan da ke ƙeyarsa, domin Chrome yana da ƙarin rami a gefen kowane haƙorin hana gogewa, Metal kuma yana da wasu biyu a tsakiya. Idan babu maɓalli kuma babu harsunan, rikodar Normal kawai ta sani. Dalili shi ne a lokacin naɗi na'urar tana haɗa waƙar da wani siririn sigina da kunne ba ya ji, wanda masu gyara ke kira bayas, kuma Chrome yana son sa da ƙarfi fiye da Normal, Metal ya fi su duka. Idan bai sami abin da yake so ba, sautin yakan fito da tsini yana karcewa.

Na koyi wannan ne ranar da wani alhaji ya kawo mini Metal da ya yo tsarabarsa daga Saudiyya, akwai karatu a ciki, ya ce in goge in sa masa kiɗan kalangu. Babbar rikodar tana wajen gyara, sai na yi amfani da ƙaramar rediyon shago. Da muka kunna, ga kalangu yana tashi, ga muryar mai karatun tana biye da shi a ƙarƙashi kamar daga maƙwabta, saboda kan gogewar rediyon bai da ƙarfin share zaren Metal. Alhajin bai ce komai ba, ya dai tsaya yana kallona, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

Normal shi ne na asali, wanda ya zo da kaset tun da kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. Zarensa ruwan ƙasa ne, domin garin ƙarfe mai tsatsa aka shafa masa. Mutane suna raina shi, amma a wajen kiɗa mai kauri irin na ganga da kotso da tambari yana ɗaukar duka ba tare da ya fashe ba. Aibinsa shi ne hucin nan na "shiii" da ke fitowa inda kiɗa ya lafa. TDK D da Maxell UR da Sony HF su ne muka fi aiki da su, kuma idan aka wanke kan rikoda da tayar roba da auduga da sifirit, abin da suke bayarwa ya wadatar da yawancin masu saurare.

Chrome ya shigo wajen 1970, daga sinadarin da kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro. Sai dai ka sani cewa yawancin abin da muke kira Chrome a kasuwa ba shi ba ne. BASF na Jamus ne ya daɗe a kan na ainihi, su kuwa kamfanonin Japan sun gauraya garin ƙarfe da kobal suka yi irinsu TDK SA da Maxell XLII, waɗanda ke aiki a maɓalli ɗaya da shi. Za ka ga an rubuta 70 a jikinsu, a Normal kuma 120, kuma wannan bambancin na daidaita sauti ne yake rage hucin. A nan ne kukuma da gurmi da muryar mace suke fita tsaf, musamman a waƙar da ke da wuraren shiru. Na ainihin ba ya son a cika masa ƙarfi, don haka ina tsayar da allurar awon ƙarfin naɗi a kan sifili, amma SA yakan jure ta ɗan leƙa ja. A ganina, idan rikodarka tana da High, nan ya kamata kuɗinka su tafi.

Akwai nau'i na uku, FeCr, mai shafi biyu, wanda bai yi tsawon rai ba, kada ka wahalar da kanka nemansa. Metal ya zo a 1979, kuma gaskiya ya fi kowa riƙe siririn sauti idan aka naɗa da ƙarfi, sai dai fifikon nasa ba ya bayyana sai a babbar rikoda mai lafiyayyen kai da lasifika masu kyau. A mota ko a rediyon ɗaki ban taɓa samun wanda ya bambance shi da XLII ba.

Tsawon zare ma abin lura ne. Gudun kaset ɗaya ne, santimita 4.76 a daƙiƙa, saboda haka ƙarin minti yana nufin an sirantar da zaren don ya shiga gida ɗaya. C60, wato mai minti 60, ya fi kauri, C90 ya yi daidai, C120 kuwa shi ne rediyo ta fi cinyewa, ka wuni da biro kana mayar da shi. Zafin mota a watan Afrilu da ƙurar hunturu sun fi yi wa siririn zare illa. Dolby B kuma, wato dabarar rage huci da ke wasu rikodoji, kada ka kunna ta wajen naɗi sai idan na'urar da za a saurara da ita tana da ita, in ba haka ba sautin zai yi kaifi.

Sababbin kaset da ake ƙerawa yanzu kusan duk Normal ne, don haka Chrome da Metal tsofaffin ajiya za ka samu, kuma jabu sun yi yawa tun a zamaninmu. Ka duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren ko yana nan, domin gam ɗinsa yakan saki da tsufa, sannan ka juya zaren da biro ka ji ko yana tafiya sumul. Ka rubuto mana sunan rikodar da lambarta, sai in gaya maka wanne daga cikinsu za ta iya ɗauka.