Faifan gem ko na saukewa: ina mai shago zai zuba jarinsa?

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya aiko da tambaya kamar haka: "Assalamu alaikum. Ina da shago inda nake sayar da faifan gem na PS4 da PS5 da hannayen wasa. Ciniki yana ta ja baya. Yara suna zuwa da na'urar da ko wurin saka faifai babu, suna tambayar kati ko akawun. Ina da naira miliyan biyu da nake son ƙara wa jari. Wani abokina ya ce in bar sarin faifai, in riƙa sayen wasanni ta intanet a akawun ɗaya, ina sayar wa mutum biyu ko uku. Mene ne shawara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya buɗa kasuwa. Abin da kake gani a shagonka ba daga unguwarku ya faro ba, daga kamfanonin da ke ƙera na'urorin ne. Tun a Nuwamban 2020 da kamfanin Sony ya fitar da na'urar wasan PlayStation 5, wato PS5, iri biyu ya yi: mai cin faifai a dala 499, da marar wurin faifai a dala 399. A Nuwamban 2020 ɗin dai Microsoft ya fito da Xbox Series S, ita ma ba ta cin faifai. Da PS5 Pro ta zo a 2024, sai an sayi ma'ajin faifan daban sannan a maƙala mata. Wasan ƙwallon Konami da aka fi sani da PES kuwa, tun da ya koma eFootball a 2021 ya bar faifai, kyauta ake sauke shi. Dalilinsu a fili yake: idan an sayi wasa a kantinsu na intanet, babu kuɗin bugawa, babu na jirgi, babu rabon dillali, kuma babu wanda zai sake sayar da shi su rasa ciniki. Saboda haka kada ka zauna jiran kasuwar faifai ta dawo yadda take da.

Amma shawarar abokinka ba zan ba ka goyon baya a kanta ba, kuma ina so ka fahimci dalili tun daga tushe. Faifai kaya ne. Ka saya, naka ne. Za ka iya sayarwa, ka karɓe shi bayan wata uku a rabin kuɗi, ka sake sayar wa wani. Wasan da aka sauke kuwa izinin amfani ne kamfani ya ba mai akawun, kamar wanda ya kama hayar shago: yana ciki yana harkarsa, amma ba shi da ikon sayar da ginin. Har dokar jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda aka sa wa hannu a 2024, ta tilasta wa kantunan intanet su riƙa bayyana wa mai saye cewa lasisi yake biya wa. Kuma an ga abin a aikace. Wasan tseren mota The Crew na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a 2014, an kashe sabobinsa, wato kwamfutocin kamfanin da wasan ke dogaro da su ta intanet, a ƙarshen Maris na 2024, waɗanda suka biya kuɗinsu suka wayi gari ba ya buɗewa. Abin da ba ka da ikon sayarwa ba ya zama haja, komai yawan kuɗin da ka zuba a ciki.

Dabarar raba akawun ta ginu ne a kan wata dama da Sony ya bayar domin mutanen gida ɗaya su yi wasa a na'ura ɗaya. Masu sana'ar suna sayar wa wannan matsayin "na farko", wancan "na biyu", kowa ya biya ƙasa da kuɗin wasan. Sharuɗɗan kamfanin sun hana sayar da akawun ko miƙa shi ga wani, kuma suna da ikon rufe shi. Ranar da aka rufe, duk wasannin da ke ciki sun tafi, ba wanda aka yi laifin a kansa kaɗai ba. Ko ba a rufe ba, ka yi tunanin yadda ranar Asabar za ta kasance: yaro ya shigo da na'urarsa a leda, ya kunna maka, ga hoton kwaɗon kulle a kan wasan da ya biya ka kuɗinsa makon jiya, domin wani kwastoman naka ya canja kalmar sirri ko ya mayar da akawun ɗin kan tasa na'urar. Shi bai san Sony ba, kai ya sani. Ko ka mayar masa da kuɗinsa, ko ya fita ya gaya wa abokansa. Sannan akawun masu arha da ake tallatawa a WhatsApp da Telegram, ba ka da hanyar sanin da wane kati aka sayi wasannin cikinsu. Idan na sata ne, mai katin ya kai ƙara banki aka janye kuɗin, akawun ya rufu. Dukiyar mutane ce, kuma sunanka ne a gaba. Ka bar wannan hanya.

To ina ribar mai shago take a harkar saukewa? Wuri na farko shi ne katin kuɗi. Tun Afrilun 2019 Sony ya daina ba 'yan kasuwa lambobin cikakkun wasanni su sayar, sai katin da ake loda wa akawun kuɗi. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ke da nasu kantin PlayStation, shi ya sa yawancin yaranmu akawun ɗin Amurka ko Ingila suke buɗewa, kuma biya da katin banki na naira ya daɗe yana ba mutane wahala. A nan kake da amfani. Sai dai katin yana bin ƙasar akawun: na Amurka ba ya shiga akawun ɗin Ingila. Kafin ka tura lambar katin, ka sa mai saye ya nuna maka ƙasar akawun ɗinsa da idonka, domin lambar da aka riga aka gani ba ta dawowa. Ka kuma saya daga dillalin da aka sani, mai ba da rasit, ko da ya ɗan fi tsada.

Ribar kati siririya ce, kuma canji yana iya cinye ta. Ga misali: ka sayi katin dala 50 lokacin da dala take naira 1,500, wato 75,000, ka sayar a 79,000. A takarda ka ci 4,000. Idan ka koma saro wani ka tarar dala ta kai 1,600, sai ka fitar da 80,000, ka ga har ka taɓa uwar kuɗi. Duk wanda ya yi kasuwanci daga Yunin 2023, lokacin da aka saki naira ta nemi farashinta, ya san wannan ba tatsuniya ba ce. Don haka farashinka ya bi kuɗin da za ka sake sarowa yau, ba wanda ka saro jiya ba. Kada ka tara kati da yawa, kuma kada ka ba da shi bashi.

Wuri na biyu, wanda nake ganin ya fi kati albarka, shi ne saukewar kanta. Manyan wasannin yanzu suna kai gigabait 50, wasu sun haura 100. Ga tsadar data, musamman bayan ƙarin kashi 50 da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025, ga ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki. Mai shagon da ke da intanet mai ƙarfi marar iyaka da inbata zai iya cewa: kawo na'urarka, ka shiga akawun ɗinka da hannunka, a sauke maka, ka biya gwargwadon girman wasan. Babu sharaɗin da ka karya, kuma masu faifai ma za su zo, tunda yawancin faifan yanzu sai an sabunta su ta intanet. Ka rubuta lambar kowace na'ura da sunan mai ita a littafi, ka ba shi takarda, domin ajiyar kayan mutane amana ce.

Faifai kuma kada ka yi masa saki uku. Na hannu da musaya su ne abin da kantin intanet ba zai taɓa yi ba. Mai PS4 da ya gama wasa ya kawo, ya yi ciko, ya ɗauki wani. Faifai ɗaya yana iya ba ka riba sau da dama. Wanda zan ce ka rage sosai shi ne sabon faifan ƙwallo na shekara-shekara, wanda ake kira FIFA kafin ya koma EA Sports FC a 2023. Duk Satumba sabo yake fitowa, na bara ya faɗi warwas. Ka saro kaɗan a makonnin farko, ko ka karɓi kafin alƙalami daga masu so sannan ka yi oda. Wasannin labari ba sa tsufa da wannan saurin, su suka fi dacewa da zama a kanta.

Game da miliyan biyun, da ni ne, kaso mafi girma zai tafi ga abin da ake taɓawa da hannu kuma kowa ke buƙata, mai faifai da marar faifai: hannayen wasa, wayoyin caji, ma'ajiyar ƙarin wuri, da kayan gyaran hannu, tunda sandar hannun PS5 ta yi suna wajen fara tafiya da kanta. Sai kaso na biyu ga intanet da wuta. Kati ya samu ɗan abin da zai riƙa juyawa a mako. Amma kafin ka taɓa ko naira ɗaya, ka buɗe littafin cinikinka na wata shida da suka wuce, ka ware faifan da suka fita cikin wata guda da waɗanda suka zama kwantai. Na kwantan ka karya farashinsu yanzu ka fitar da kuɗinka, tun kafin sabbin wasannin Satumba su shigo.