An ƙara min girma, abokan aiki sun juya min baya

Tambaya: Malam, ina zaune a Aboabo, ina aiki a wani shagon wayoyi a Adum, duk a birnin Kumasi na Ghana. Wata 3 ke nan da aka ɗora ni kan sauran ma'aikata. Tun daga ranar, waɗanda muke cin waakye tare suka daina kirana, in an sauya lokacin taro ba mai gaya min. Barci ma ya fara gagarata. Ko in sassauta ƙoƙarina ne a zauna lafiya?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki sassauta. Wannan tunanin da ya zo miki shi ne babbar ɓarnar da hassada ke yi wa wanda ake yi wa ita. Ma'aikaci ya fara ɓoye gwanintarsa, ya yi shiru a taro alhali yana da shawara, ya riƙa jin kamar ya yi laifi don ya ci gaba. Mutane za su ce miki hassada ga mai rabo taki ce. Haka ne, amma mai rabon ma mutum ne, wariya tana cin rai, kuma rashin barcinki shaida ne.

Tun 1954 masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger ya bayyana cewa mutum yana auna kansa ne da wanda suke kusa a matsayi. Shi ya sa ba sa jin zafin mai shagon, ke da kuka fara tare ce ke tsaya musu a rai. A 2014 masu bincike Eugene Kim da Theresa Glomb sun gano cewa ma'aikata masu ƙwazo sun fi fuskantar cutarwa daga abokan aiki, amma abin yana raguwa inda kowa ke jin tafiyar tasu ɗaya ce.

To, nan ne aikinki yake. In ciniki ya yi kyau, ambaci sunan wanda ya taimaka a gaban maigida. Koya wa na ƙasa abin da kika iya. Ba duka ne mahassada ba, wasu gibɗa ce kawai, suna son irin naki ba tare da fatan ki rasa ba, kuma su ne za su fara dawowa.

Ɓoye miki lokacin taro kuwa ya wuce fushi, zagon ƙasa ne. Riƙa rubuta rana da abin da ya faru, ki nemi a riƙa sanar da taro a rubuce ta WhatsApp. In har makirci ya kai ga korarki ba bisa ƙa'ida ba, Dokar Ƙwadago ta Ghana ta 2003 ta ba ki damar kai ƙara Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, kuma rubutun nan zai zama hujjarki.