Ƙona ƙari a ƙashi don rage raɗaɗin cutar kansa

'Yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Kin tambaya ko ƙona ƙarin zai taimaka, tunda kansar nono ta shiga ƙashin bayanta har ba ta iya barci.

Yana taimaka wa da yawa. Bayan an kashe zafin wurin, likita yana bin hoton CT (na'urar da ke nuna cikin jiki) ya soka siririyar allura cikin ƙarin, lantarki ya ɗumama bakinta sama da digiri 60 na ma'aunin Celsius, naman kansar da jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo su mutu. Sauƙi yakan zo cikin kwanaki. Idan ƙashin ya yi rauni, sukan cika shi da simintin ƙashi.

Sai dai ba ya warkar da kansar. Ki tambayi likitanta kusancin ƙarin da laka, don zafin allurar na iya taɓa ta, ki kuma tambaye shi batun gashi da haske, wato kashe ƙwayoyin kansa da haske mai ƙarfi (radiotherapy).