Smart TV zan saya wa amarya ko dish?

Tambaya: Assalamu alaikum, 'yata zan aurar bayan sallah ina kan haɗa kayan ɗaki, ita ta kafe sai smart TV wai yanzu ba mai kallon tasha kowa ya koma YouTube da Netflix, ni kuma kuɗin hannuna ba yawa. In daure in saya ko in ɗauki ta gargajiya da dish? Daga wata uwa a Gusau.

Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya sanya alheri ya kaimu lokacin. Yarinyarki tana da gaskiya ta wani ɓangaren, yawancin finafinan Kannywood masu dogon zango yanzu a YouTube ake sakinsu duk sati, matasa kuma sun saba da kallon abinda suke so a lokacin da suka ga dama. Amma abinda ba'a faɗa wa mutum a shago shine kuɗin smart TV baya ƙarewa ranar da aka saye ta, kullum sai an ciyar da ita data. Awa ɗaya a Netflix in hoton matsakaici ne yana cin wajen 1GB, in HD ne har 3GB yake kaiwa, to ki lissafa awa 2 kullum a matsakaicin ma 60GB kenan a wata, kuma kin san tun Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta Najeriya (NCC) ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50. Wa zai ɗauki wannan nauyin, angon da yanzu ya gama kashe kuɗin lefe? Gidaje nawa na shiga na tarar da ƙatuwar smart TV a bango amma matar gida a waya take kallo saboda data bata isa, abin yana bani tausayi wallahi.

Shawarata ki sayi talabijin mai kyau inci 32 ko 43 wadda bata shan wuta sosai (in suna da sola zata ɗauka), ki haɗa mata da dish na kyauta wanda ba'a biyan kuɗin wata. Akwai Arewa24 da ta fara tun 2014, ga tashoshin wa'azi, ga na Makka da Madina, da azumi ga tafsiri. Amarya a makonnin farko gidan cike yake da baƙi da yara, tana buƙatar abinda zata kunna ya yi ta yi tun safe ba tare da gabanta yana faɗuwa ba. Daga baya in Allah ya hore musu sai su sayi ɗan Android box (ƙaramar na'urar da ke haɗa talabijin da intanet) su jona ta ramin HDMI da ke jikin talabijin ɗin, shikenan ta zama smart. Ki dai tabbatar tana da ramin HDMI da na USB kafin ki biya, a gwada a gabanki.

Tambaya: Ina da gidan kallon ƙwallo a Zariya, kuɗin DStv ya min yawa, in koma kallo ta intanet?

Ɗan'uwa kar ka soma. Hoton intanet yana makara, wani lokacin da rabin minti ko fiye, sai aji ihun gol daga gidan kallon maƙota naku ɗan wasa bai ma karɓi ƙwallon ba, sati biyu ya isa kwastomominka su watse. Ga netwok da yake tsayawa daidai lokacin da kowa ya hau, su kuma shafukan da ke haska wasa kyauta mafi yawansu na sata ne, ana iya rufe su ana tsakar wasa. Firimiya a nan tashar SuperSport da ke kan DStv ke da haƙƙin nunawa, ka zauna a kan dish ɗinka, in lissafin baya fita ka ƙara ɗan abu a kuɗin shiga ranar manyan wasanni ka kuma daina biya a watannin hutun kakar wasa, wato Yuni da Yuli, sai dai in shekarar Kofin Duniya ce.