Zuwa Baranasi: jirgi, abinci da maganar siliki na lefe

Tambayoyin wannan makon biyu ne kuma duk akan gari ɗaya suka faɗo, wato Baranasi ko Banaras, garin da mabiya addinin Hindu suke ɗauka mafi tsarki a wajensu, a bakin kogin Ganga cikin jihar Uttar Pradesh.

Ta farko daga wani ɗalibi da ke karatu kusa da Delhi: "Muna da hutun kwana huɗu, abokaina 'yan Indiya wasu sun ce mu je Haridwar wasu sun ce Baranasi. Ni Musulmi ne, kallo kawai nake so in yi. Wanne ya fi, kuma me zan kiyaye?"

Toh ƙanena, in dai kallo ne da sanin duniya ni Baranasi zan ce maka. Haridwar ta fi kusa, kilomita ɗari biyu da 'yan kai ne daga Delhi, amma gari ne da doka ta hana sayar da nama a cikinsa, kuma kusan komai na can ibadarsu ce zalla, baƙo irinka bayan awa uku zai rasa abin yi. Baranasi kuwa sama da kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin Musulmi ne, akwai masallatai, akwai unguwanni irin su Madanpura da za ka ci biryani na halal ka yi sallarka hankali kwance.

Nisan Baranasi daga Delhi ya kai wajen kilomita 800. Jirgin ƙasa na Vande Bharat da aka fara a 2019 yana tashi New Delhi da sassafe ya isa cikin awa takwas, jirgin sama kuma wajen awa ɗaya da rabi ne sai dai filin jirgin yana Babatpur, da ɗan nisa da gari, ga cunkoso. Ka yanki tikiti da wuri. Sannan maganar masauki, kafin ka biya ko sisi ka kira su ka tambaya ko suna karɓar baƙin ƙasar waje, don akwai fom da dole su cike wa hukuma akan kowane baƙo kuma ƙananan masaukai da yawa basa son wannan wahalar, sai ka iso da jakarka tsakar dare a ce maka babu ɗaki. Fasfo da bizarka su kasance a jikinka.

Lokaci ma abin dubawa ne. Mayu da Yuni zafi ya wuce digiri 40, daga Yuli zuwa Satumba damina ce kogi yakan cika ya shanye matakalan bakin ruwa har a hana kwale-kwale fita, ga kuma watan Sawan nasu da masu ziyara ke tururuwa cikin jajayen kaya ruwan lemo. Oktoba zuwa Maris ya fi daɗi, illa dai hazon Disamba da Janairu yana makarar da jirage sosai.

Yanzu abin da za ka kashe wa kuɗi: kwale-kwale. Duk abin da ake zuwa gani a garin nan daga cikin ruwa aka fi ganinsa, matakalan nan da suke kira ghat sun fi tamanin a jere, ka fita da asuba bayan ka yi sallah ka ga gari yana tashi, da yamma kuma a ghat ɗin Dashashwamedh suke bikin fitilu da ƙararrawa da turare kowace rana. Daga kwale-kwale kai ɗan kallo ne, babu mai shafa maka jan abu a goshi ko ya ɗaura maka zare a hannu sannan ya ce kawo kuɗi, wanda a tudu wallahi kafin ka ankara an yi maka. Ku gama ciniki kafin ka sa ƙafa, kuɗin na mutum ɗaya ne ko na jirgin duka, awa nawa, a faɗa a fili.

Babban wajen bautarsu Kashi Vishwanath, wanda sarauniya Ahilyabai Holkar ta gina a 1780 aka kuma faɗaɗa harabarsa a 2021, ban ga abin da zai kai ka ciki ba. Layi ne dogo, ba a shiga da waya, kuma masu shiga bauta suka je yi. Jikinsa akwai masallacin Gyanvapi na zamanin sarki Aurangzeb na daular Mughal da ake ta shari'a a kansa a kotu, 'yan sanda ko'ina, dan Allah kar ka tsaya ɗaukar hoto ko jan musu a wajen. Haka ghat ɗin Manikarnika inda suke ƙona gawa dare da rana, ba a ɗaukar hoto, makoki ne na mutane, kuma duk wanda ya biyo ka yana cewa ka ba da sadakar itacen ƙona talakawa ka wuce abinka, tsohuwar damfara ce.

Abu biyu na ci: alawar da za a miƙo maka a ce prasad, an riga an gabatar da ita ga abin bautarsu ne, ka ɗora hannu a ƙirji ka ce ka gode, basa jin haushi. Sai lassi, kindirmon nasu mai daɗi, amma in ka ji an ce "bhang" ko an ce na musamman ne, toh da ganyen wiwi aka dama. In kwana ya rage maka ka leƙa Sarnath, kilomita goma ne, nan sassaƙen zakunan tsohon sarki Ashoka da ke jikin kuɗin rupi yake, amma gidan tarihin da aka ajiye shi baya buɗewa ran Juma'a.

Ta biyu daga wata Hajiya da ke jinyar maigidanta a Delhi, ya samu sauƙi: "Ana ta ce min silikin Banaras ya fi kowanne, ina so in sa a lefen ɗana. Sai na je can ko in saya a nan?"

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya Hajiya. Gaskiya in guda biyu ko uku ne kar ki bar mara lafiya ki yi tafiyar awa takwas, manyan shaguna a Delhi suna da shi. In kuma sari za ki yi da yawa har na sayarwa, toh zuwan yana da riba, don masaƙan kansu, yawancinsu Musulmi ne da ake kira Ansari, suna nan Madanpura da Lallapura da Pili Kothi.

Ko a ina za ki saya, kar ki yarda mai Keke ko ɗan rakiya ya kai ki "shagon ɗan'uwansa", kamashonsa a cikin kuɗinki zai fito. Ki nemi tambarin Silk Mark mai shaida cewa siliki na gaske ne, in an ce saƙar hannu ce ki nemi Handloom Mark, don yanzu na inji da na roba sun cika kasuwa kuma a ido kyansu ɗaya. Ki ce a zare miki zare ɗaya daga gefe a kyasta ashana: siliki na gaske warin ƙonannen gashi yake yi ya zama toka mai murmushewa, na roba narkewa yake ya dunƙule. Mai kayan kirki baya ƙin wannan gwajin. Zaren nan mai ruwan gwal da suke kira zari kuwa yawancinsa kwaikwayo ne, kar a caje ki kuɗin azurfa akansa.

Tsawon zanen da matan Indiya ke ɗaurawa, wanda suke kira sari, wajen yadi shida ne kamar turmin atamfa, zai yi doguwar riga da ɗankwali, sai dai adon yana taruwa ne a gefe da kuma ƙarshen da suke yafawa a kafaɗa, saboda haka ki tura wa telanki hoto ta WhatsApp kafin ki biya. Ki kuma duba zanen da kyau a haske, wasu akwai ɗawisu da giwaye har da mutane a jiki, ki zaɓi mai fulawa da ganye in amarya za ta yi sallah da shi.