Amsa ga ƙanena mai aikin famfo a Jos: tankin ƙasa da maganar tafiya Ingila

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso ni a nan Mancesta, kuma na fahimci buƙatunka guda biyu: wani Alhaji a Rayfield ya ba ka aikin haɗa masa akwatin gilashi na kifin teku mai cin lita 300 tare da tankin ƙasa, sannan kana so in nemo maka hanyar zuwa Ingila domin ka koyi wannan sana'a daga tushe. Zan fara da aikin da ke hannunka, domin a ganina rabin amsar tambaya ta biyu tana cikinsa.

Tankin ƙasa wani ƙaramin akwati ne da ake ɓoyewa a cikin kabad ɗin da babban akwatin yake zaune a kai. Ruwa yana tumbatsowa daga sama ya gangaro ta bututu, ya ratsa ɗakunan da aka raba da fallayen gilashi, inda matata da hita da na'urar da ke fitar da datti ta hanyar kumfa suke, sannan injin da ke ɗaki na ƙarshe ya sake tura shi sama. Injin da zai juya ruwan akwatin sau 3 zuwa 5 a awa ya wadatar, wato lita 900 zuwa 1,500, amma ka sani cewa adadin da aka rubuta a jikin kwali yana raguwa da zarar ruwan ya fara hawa sama yana bin gwiwoyin bututu.

Ka sa bututun gangarowa guda biyu, ko da Alhaji ya ce ɗaya ya isa. Na farko zai riƙa tafiya cike da ruwa ba tare da iska ba, kuma shi ne za ka ɗaura wa bawul irin mai murɗawa a hankali, domin mai hannu ɗin nan da muke sa wa tankin gida ba ya ba da damar daidaita gudu daki-daki. Na biyu na ko-ta-kwana ne: bakinsa ya ɗara na farko tsawo kaɗan, ba a taɓa sa masa bawul, kuma ƙarshensa ya tsaya sama da ruwan tankin ƙasa, ta yadda ranar da dodon koɗi ya toshe na farko, ƙarar zubar ruwa za ta sanar da mutanen gida.

Yanzu ga inda yawancin masu koyo suke faɗuwa. Idan aka ɗauke wuta injin zai tsaya, amma ruwan sama ba zai tsaya nan take ba, zai ci gaba da sauka har sai ya yi ƙasa da bakin magudanar. Akwati mai tsawon santimita 120 da faɗin 50, idan ruwansa ya sauka da santimita 3 kacal, lita 18 ke nan za su gangaro, ban da wanda ke cikin bututai. Saboda haka dole ne tankin ƙasa ya kasance da fili na aƙalla lita 25 zuwa 30 a kowane lokaci. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne bututun da ke mayar da ruwa sama, domin da zarar injin ya mutu sai ya koma yana zuƙo ruwa baya, daidai da yadda 'yan bumburutu ke zuƙo fetur da tiyo, kuma ba zai daina ba sai bakinsa ya shaƙi iska. Kada ka nutsar da bakin nan can ƙasa, kuma ka huda ɗan ƙaramin rami a jikinsa dab da ƙarƙashin fuskar ruwa domin iska ta shiga ta katse zuƙon.

Ni kaina a shekarata ta farko na dogara da bawul mai hana ruwa komawa baya a gidan wani abokin ciniki. Bayan wasu watanni ɓawon ƙaramin dodon koɗi ya maƙale a murfinsa, wuta ta yanke cikin dare, ruwan gishiri ya jiƙe kafet har ya kumbura katakon daɓe. A nan ƙasar mutum kan yi shekara bai ga an ɗauke wuta ba, shi ya sa kuskure irin nawa yake daɗewa a ɓoye. A Jos kuwa aikinka zai fuskanci wannan jarrabawa tun a makon farko, kuma ba sau ɗaya ba.

Game da kaya, bututun roba na PVC da gam ɗinsa duk za ka samu a kasuwar kayan gini ta hanyar Bukuru. Sai dai ko kusa kada jan ƙarfe ko tagulla su taɓa ruwan, domin ɗan abin da ke narkewa daga jikinsu ya isa ya kashe murjani da jatan lande. Ka sa mahaɗi mai warwarewa kusa da injin, saboda ranar wanki. Kafin ka huda gilashi ka tabbatar ba gasasshe ba ne, wato wanda aka ƙarfafa da zafin wuta, domin gasasshen gilashi ba ya huduwa, tarwatsewa yake yi. Kada kuma a sayo maka injin Amurka, domin nasu na wuta 120 ne, namu kuwa 230.

Hunturun Jos zai kawo maka matsala biyu. Ruwan yana buƙatar ɗumi na digiri 24 zuwa 26, don haka hita wajibi ce a Disamba da Janairu. Busasshiyar iska kuma tana shanye ruwa ta bar gishiri, kuma a ɗakin injin kaɗai za ka ga raguwar, saboda haka ka koya wa yaron gida ya riƙa cikawa da tataccen ruwa marar gishiri, ba na rijiyar burtsatse kai tsaye ba, domin gishirin ya tsaya a wajen giram 35 a kowace lita. Ka kuma gaya wa Alhaji gaskiya tun kafin ya sayi kifi ko ɗaya: in babu inbata da batir da za su riƙe injin motsa ruwa, kifayen za su rasa iskar shaƙa cikin 'yan awoyi.

Batun tafiya kuwa, ba zan yaudare ka ba. Bizar aiki ta Birtaniya sai da kamfani mai lasisin ɗaukar baƙi daga ma'aikatar cikin gida, kuma shagunan kifin ado da na sani ƙanana ne, ba sa ɗauko ma'aikaci daga waje. Idan ka zo da bizar karatun digiri, awa 20 a mako kawai za a yarje maka ka yi aiki a lokacin zangon karatu, kuma an haramta maka yin sana'ar kanka, wato ko gyaran famfon maƙwabci ba za ka karɓi kuɗinsa ba. Duk wanda ya ce ka ba shi miliyoyi ya samo maka takardar ɗaukar aiki, ka riƙe kuɗinka. In da gaske kake, takardar shaidar aikin famfo ta City and Guilds, hukumar ba da shaidar sana'a ta Birtaniya, da hotunan ayyukan da ka kammala su ne abin da za ka fara tarawa, kuma gidajen Maitama da Asokoro na Abuja, inda za ka iya neman irin wannan aiki, sun fi Ingila kusa da kai.

Idan ka gama haɗawa, ka bar gam ɗin ya kwana, ka cika da ruwan famfo zalla, ka kunna injin, sannan ka zare fulogi ka tsaya kana kallo har ruwan ya daina motsi. Ka maimaita sau uku, ka toshe bututun farko da hannunka ka ga ko na biyu zai ɗauke nauyin, sannan ka ja layi da alƙalamin maka a inda ruwan tankin ƙasa ya kamata ya tsaya. Ka turo mini bidiyon gwajin ta WhatsApp kafin ka zuba gishiri. Ka gaishe mini da Baba da mutanen gida.